Nashafa ta daina busar da kaya: abin da muka sha a Jidda kafin mu gano bututu ne ya toshe

Duk wanda ya taɓa yin watan Agusta a Jidda ya san abin da ake kira ruɗuba. Danshin teku ne yake cika gari, ka shanya tawul da safe, la'asar ta yi ka taɓa shi da sauran laima, har ya fara bashi. Mu kuma a hawa na uku muke, babu baranda, saman bene ma mai gida ya kulle saboda tankunan ruwa. Da na haifi ta huɗu wanki ya koma na kullum, sai Abban yara ya sayo mana na'urar busar da kaya, wadda a nan kowa nashafa yake ce mata. Irin mai fitar da iska ta baya ce. Waɗanda suka kawo ta suka ajiye ta a ɗan ɗakin wanki da ke jikin kicin, suka ɗaura mata wata farar tiyo ta roba, suka cusa ɗaya bakin a wani rami da muka tarar a bango tun zamanin wanda ya zauna kafin mu. Shekara biyu da 'yan watanni tana aiki lafiya lau, kuma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar inda ramin nan ya nufa ba.

A hankali abin ya fara. Kayan da minti 50 ke isar su suka koma sai awa ɗaya da rabi, daga baya ma sai na maimaita. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda kayan suke fitowa da zafi ƙau har sai na yarfe hannu, amma a jiƙe, kamar an turara su a madambaci. Saman na'urar ba ya taɓuwa don zafi. Bangon ɗakin wankin ya riƙa zufa, fenti ya fara ɓarewa a kusurwa, baƙin fumfuna ya fito. Duk na ɗora wa ruɗuba laifi. Rariyar da ke bakin ƙofar na'urar, wadda take tare burbushin zaren kaya, ina share ta bayan kowane busarwa, har na lura ta rage tara burbushi, na ɗauka alheri ne. Ashe iskar ce ta rage ƙarfin da za ta kai mata shi. Kuɗin wuta ma bai tona asirin ba. A nan halala 18 (halala 100 ne riyal ɗaya) ake biyan kilowat ɗaya a gidaje muddin ba a wuce 6000 a wata ba, ban da harajin kashi 15. Na'urar tamu tana cin wajen kilowat biyu da rabi a awa, ke nan ƙarin awa guda kusan rabin riyal ne kawai. A watan zafi, da na'urorin sanyaya ɗaki uku suna aiki dare da rana, babu mai lura da wannan a fatura.

Wata Lahadi sai zafin ya ɗauke gaba ɗaya. Gangar tana juyawa, fitila tana ci, amma iskar sanyi ƙalau. Na kira lambar masu gyara ta kamfanin da ke jikin littafin na'urar. Matar da ta ɗauka ta nemi abu huɗu: lambar samfurin, lambar siriyal, hoton faturar saye, da adireshin gida. Lambobin biyu suna kan wata 'yar takarda da aka manna a gefen ƙofar na'urar daga ciki, sai da na haska da fitilar waya na karanto. Faturar ce ta ba mu wahala, don irin takardar nan ce mai santsi da rubutunta ke gogewa, mun same ta fara fat. Abban yara ya koma shagon da ya saya, suka binciko da lambar wayarsa suka sake buga masa. Duk wannan wahalar ta garanti ce, domin a Saudiyya kayan wuta suna da garantin shekara biyu. Da aka duba, tamu ta wuce da wata huɗu. Aka ce kuɗin zuwa dubawa, wanda suke kira kashfiyya, riyal 100 ne, ko an gyara ko ba a gyara ba. Aka ba mu ranar Alhamis, tsakanin tara na safe da biyu na rana.

Abban yara aikin canji yake yi, sai da ya roƙi abokin aikinsa suka yi musaya don kada mai gyara ya same ni ni kaɗai da yara. Muka zauna jira tun tara, bai iso ba sai ɗaya da rabi. Ya kwance murfin baya, ya sa mita ya gwada wasu wayoyi, ya ciro wani ɗan farin abu da bai kai tsawon yatsa ba, ya ce fiyus ɗin zafi ne ya ƙone. Ya sa sabo daga jakarsa, ya kunna, zafi ya dawo. Duka-duka bai yi minti ashirin ba. Ya karɓi 120 na kaya da aiki a kan 100 na kashfiyya. Na tambaye shi me ya ƙona shi, ya ce haka suke yi in sun tsufa. Tiyon nan kuwa da hannunsa ya cire ta ya mayar, bai leƙa cikinta ba. Har yau wannan yana ci mini rai, don amsar tana hannunsa a lokacin.

Kwana tara ta yi tana aiki, kuma yadda take a da haka ta ci gaba: zafi da yawa, bushewa babu. Daren na tara bayan isha'i na zuba tawul-tawul na kunna, na shiga ɗaki ina ba jaririya nono, barci ya fara ɗaukata. Babbar 'yata ce ta turo ƙofa ta ce, "Umma, ƙauri nake ji." Na fito da gudu. Ƙaurin kamar an manta dutsen guga a kan riga. Babu hayaƙi, amma ɗakin wankin ya yi zafi kamar gidan burodi. Na kashe wutar daga akwatin mita na cikin gida, na tsaya jikina yana rawa ina ta innalillahi, don abin da idona ya fara sauka a kai shi ne tukunyar gas ɗinmu, bango ɗaya ne tsakaninta da na'urar. Da safe muka gwada, zafin ya sake ɗaukewa.

Hajiya maƙwabciyarmu ta hawa na biyu, haifaffiyar Makka ce amma Hausarta tar, ita na kai wa kukana. Ta ce, "'Yar nan, bar kiran kamfani, akwai wani dattijo da yake mana gyaran firji da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shekara da shekaru, bari in sa a kira miki shi." Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, cikin jikokin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya zo ranar Asabar da safe da ɗan yaronsa. Bayan gaisuwa, bai ko taɓa na'urar ba, ya ce, "'Yata, ta ina take numfashi?" Na nuna masa ramin bango. Ya ce a'a, ta ina iskar take fita waje. Ni da Abban yara muka kalli juna, babu wanda ya sani.

Ya jawo na'urar gaba. Tiyon ta lanƙwashe a bayanta saboda mun tura ta ta manne da bango don ƙofa ta riƙa rufuwa, kuma ta yi ciki a ƙasa. Da ya ɗaga ta, ruwa ya zubo, ya kai kofi biyu, baƙi, haɗe da burbushin zare da ya dunƙule kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ya zura hannu a ramin bangon ya ciro wani curin. Sannan ya zauna a kan bokiti ya yi mana bayanin da na so a ce na ji shi tun ranar da aka kawo na'urar. Ya ce nashafa ba zafi ne kaɗai yake busar da kaya ba. Tana jan iska, ta ɗumama ta, ta bi da ita cikin kaya ta kwashi danshi, sannan ta tura ta waje. In hanyar fita ta toshe, danshin ya rasa inda za shi, zafin kuma ya taru a wurin abin da ke ɗumama iskar. Fiyus ɗin nan an sa shi ne don ya yanke wuta in zafi ya wuce kima, kuma sau ɗaya yake aiki, in ya ƙone sai sabo. Ya ce, "Fiyus bai yi laifi ba, aikinsa ya yi, sau biyu ma. Shi ya tsare muku gida, bayan tsarewar Allah." Abban yara ya ce, "Baba, ba za a iya haɗa wayoyin kai tsaye mu lallaɓa zuwa ƙarshen wata ba?" Ya ce ko nawa za a ba shi ba zai yi ba, kuma duk mai gyaran da ya yarda ya yi mana haka mu sallame shi.

Daga nan aka shiga neman bakin bututun. Suka zagaya ginin ta waje, babu. Sai aka kira haris, wato mai gadin ginin, ya buɗe ƙofar manwar da ke ƙasa. Manwar shi ne ramin nan da ake bari a tsakiyar bene tun daga ƙasa har sama, inda tagogin banɗaki da bututun ruwa suke. Baba ya haska tocila sama ya kira mu. A daidai hawa na uku, kusa da tagar banɗakinmu, ga bakin bututu an rufe shi da ragar waya, burbushin zare ya fito ta ramukan ragar yana reto kamar farin gemu. Haris ya ce wanda ya zauna kafin mu ne ya sa ragar, don tantabaru suna shiga su yi sheƙa. Ke nan bututun ya taso daga ɗakin wanki, ya hau cikin silin, ya ratsa saman kicin da lungu, ya fita ta banɗaki. Baba ya auna da taku ya ce ya kai mita shida, da kwana uku, wato wuri uku da ya lanƙwasa. Abban yara ya duba daga baya ya ga ƙa'idar gini ta Amurka, inda irin wannan na'ura ta fi yawa, ta iyakance tsawon bututun a ƙafa 35, wato wajen mita goma da rabi, kuma kowace cikakkiyar kwana ana lissafa ta a matsayin ƙafa 5. Namu mita shida da kwana uku ya riga ya kai iyaka ko da a wanke yake tas.

Nan muka shiga matakin da ya fi cin lokaci, kuma ba na gyara ba ne. Kafin a kai hannu bakin bututun sai an cire tagar banɗaki da firam ɗinta, kuma Baba yana so ya yanka silin a wuri ɗaya don ya ga mahaɗar da yake zargi. Haris ya ce shi ba shi da ikon ba da izini. Mai gida ya yi tafiya. Aka tura mu ofishin dillalan da ke karɓar haya. Abban yara ya je bayan la'asar, ma'aikacin ya ce nashafa kayanmu ce, gyaranta namu ne. Ya dawo gida ransa a ɓace. Da daddare muka buɗe kwangilar hayarmu ta Ejar, wato manhajar gwamnati ta yarjejeniyar haya, a waya muka karanta sashen gyare-gyare a tsanake. Ta raba gyara gida biyu, wanda ya shafi ginin kansa yana wuyan mai gida, wanda amfanin yau da kullum ya jawo yana wuyan ɗan haya. Gaskiya namu ya faɗa tsakiya: burbushin na kayanmu ne, amma bututun cikin silin da ragar da ta toshe shi mun tarar da su. Washegari ya koma da hotuna, na gemun nan na manwar, da na curin da aka ciro, da fiyus biyu da suka ƙone a cikin leda. Ya ce musu ba kuɗi ya zo nema ba tukuna, izini yake so a rubuce, kuma in wuta ta tashi a silin ba falat ɗinmu kaɗai za ta ci ba. Maganar wuta ce ta sa suka tura wa mai gida hotunan ta WhatsApp. Kwana biyar muka jira. Amsar da ta zo ita ce a yi aikin, a mayar da taga da silin yadda suke, shi zai biya murfin waje da rabin kuɗin aiki. Muka ce a rubuto mana haka a saƙo, aka rubuto. Duk tsawon wannan lokaci magsala, wato shagon wanki, muke kai manyan kaya, ƙananan na jaririya kuma in shanya su a kan kujeru gaban fanka.

Asabar ta gaba Baba ya dawo da kayan aiki. Ya fara da cire na'urar daga wuta. Yaronsa ya cire taga, ya ɗaura igiya a ƙugu Abban yara yana riƙe, ya miƙa hannu ya kwance ragar. Abin da ke bayanta ya daskare kamar tabarmar gashi, kaurinsa ya kai tafin hannu, a bayansa kuma ga tsinkaye da busasshen kashin tantabara. Wanda ya sa ragar bai ma kwashe tsohuwar sheƙar ba, a kanta ya rufe. Sai Baba ya fito da wani buroshi mai zagaye, daidai faɗin bututun, wato inci huɗu ko santimita goma, da sanduna masu lanƙwasuwa da ake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa da injin huda bango yana juya shi a hankali yana turawa, yaron kuma yana riƙe da injin shara a ɗaya bakin. Ya nuna wa Abban yara cewa hannun dama kaɗai ake juyawa, ko wajen shiga ko wajen fita, don in aka juya hagu sandunan za su kwance, buroshin ya maƙale a tsakiyar silin. A kwana ta biyu buroshin ya ƙi wucewa. Nan ya yanka silin, daidai inda ya yi zargi. An haɗa bututun biyu da dogayen kusoshi masu zare, tsininsu ya shiga ciki, burbushi ya riƙa sarƙewa a jikinsu har ya zama katanga. Ya cire su, ya naɗe mahaɗar da salatif na alminiyom. Abin da aka kwaso daga bututun gaba ɗaya ya cika bokitin fenti babba har ya yi tozo, rabinsa a jiƙe.

Da ya buɗe cikin na'urar ne hawaye suka zo mini. Burbushi ya kwanta ko'ina, a kan mota, a jikin fanka, kuma wanda ke kusa da abin ɗumama iskar ya yi baƙi, gefensa ya babbake. Ƙaurin da yarinyata ta ji ke nan. Baba ya ɗebi kaɗan busasshe ya fita da shi baranda ta matakala, ya kyasta masa ashana a gaban yarana, kafin ƙiftawar ido ya cinye. Ya ce su gani da idonsu don kada wata rana su kunna ta su fita. Na tuna sau nawa na kunna ta na tafi kai yara makaranta, sau nawa na kunna na kwanta.

Ya share cikin tas, ya sa fiyus na uku. Farar tiyon roba ya ce a jefar, don ƙwaryar cikinta tana riƙe burbushi, kuma ita kanta tana narkewa ta ci wuta. Ya sa ta alminiyom mai ɗan tauri, ya yanke ta gajeriya daidai buƙata, ya ɗaure bakunan biyu da zoben ƙarfe, ya ja layi a ƙasa da alli ya ce kada na'urar ta wuce nan zuwa bango. A bakin waje ya sa murfi mai marfin da iska ke turawa ya buɗe, in an kashe ya faɗo ya rufe, tantabara ba ta shiga, burbushi kuma yana fita. Muka zuba tawul shida jiƙaƙƙu. Yaron ya sa hannu ta taga ya ce iskar har tana ture masa hannu. Minti 45 suka bushe, ɗakin wankin kuma bai yi zufa ba.

Ga abin da ya fita daga aljihunmu: 220 na mai gyaran farko, fiyus 40, tiyo 45, zobba da salatif 30, murfi 35, aikin Baba har da gyaran silin 250, sai 50 da muka ba haris. Riyal 670 ke nan, mai gida ya cire mana 160 daga haya. Magsala ta ci wajen 280 a sati ukun. Da tun farko bututun aka duba, da 220 ɗin nan da yawancin kuɗin magsala suna hannunmu.

'Yar'uwa, in kin ga kaya suna fitowa da zafi amma a jiƙe, kafin ki kira kowa ki nemo inda bututunki yake fita, ki kunna na'urar ki sa a ji ko iska tana fitowa da ƙarfi. In ba ki iya kai wa bakin, ki cire tiyon daga bango, ki buɗe taga, ki busar da 'yan kaya kaɗan sau ɗaya kina tsaye a wurin. In suka bushe da wuri, lafiyar na'urarki ƙalau, hanya ce ta toshe. Gwaji ne kawai, ba a mayar da shi ɗabi'a, don danshin da burbushin duk a ɗaki za su zauna. In mai gyara ya ce fiyus ne, ki tambaye shi abin da ya ƙona shi, kada ya tafi bai leƙa bututu ba. Faturar saye kuma a ɗauke ta hoto tun ranar farko. Rariyar bakin ƙofa ba sharewa kaɗai take so ba, Baba ya nuna mini in zuba mata ruwa, in ruwan ya kwanta bai wuce ba to maiƙon turaren laushin kaya ya toshe ramukanta, sai a wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ta bushe sannan a mayar. Bututun kansa ya ce sau ɗaya a shekara, amma mai wanki kullum irina, da dogon bututu irin namu, duk wata shida. In kuma har hayaƙi ya fito, ba a buɗe ƙofar na'urar, iska ce za ta rura wutar. A kashe wuta daga akwati, a fitar da yara, a kira 'yan kwana-kwana a 998, ko 911. Mai shirin saye kuma da yake zaune a falat marar hanyar fitar da iska ta kusa, akwai irin da take tara ruwan a ɗan tanki ba ta buƙatar bututu sam. Ta fi tsada, amma da na san da ita a lokacin, ita zan ce a saya.

Ranar da Baba ya haska tocila a manwar, ba bakin bututunmu kaɗai muka gani ba. Akwai wasu biyu, a hawa na ɗaya da na huɗu, duk da raga, duk da farin gemu. Ni da Hajiya muka bi su da hotuna da bokitin nan kafin a zubar. Mutanen hawa na huɗu sun kira Baba a satin. Ta hawa na ɗaya ta ce sai maigidanta ya dawo daga Riyad, amma ta yi mini alkawarin ba za ta kunna ba kafin nan, kuma na ce ta riƙa kawo kayan yaranta sama in busar mata.